Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Mai Wurno Kan Abin Da Ake Kira Mazantaka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Mai Wurno ta ƙasar Sudan, ta hannun masu unguwanni da limaman gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya, ya jiƙan magabata.

Ranka ya daɗe, masu wannan takarda su ne matan da ke ɗora tukunya a takiyya, wato wurin dafa wa jama'a abinci kyauta, da ungozomomi, da masu sayar da shayi a bakin kasuwa, da malaman makarantar 'yan mata, da tsofaffin da suka aurar da jikoki. Akwai wasu dattawa maza da suka ji abin da muke shiryawa suka ce a sa da su, sai dai biyu daga cikinsu sun roƙe mu kada sunansu ya fita a majalisa, don kada a ce mata sun ja su da igiya. Wannan roƙo nasu ma kaɗai ya isa ya nuna wa Sarki irin ciwon da muka zo da shi. Ni da aka miƙa wa alƙalami tsohuwar malamar firamare ce. Abin da aka faɗa a zamanmu shi na rubuta, in kuma an ga zafi a wani wuri, to nawa ne, a yafe mini.

Mun san ba a saba ganin mace a ƙofar fada ba sai kan gado ko saki. Amma mun karanta cewa Khaulatu 'yar Sa'alaba ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi ta mayar da magana kan abin da mijinta ya yi mata, Allah ya ji kukanta, ya saukar da ayoyin farkon suratul Mujadala. A kan wannan muka tsaya.

Ba ƙarar mazajenmu muka kawo ba. Ƙarar wata magana muka kawo, wadda ake ɗura wa yaro tun yana rarrafe, ta bi shi har kabari. Yaro zai faɗi ya fasa gwiwa, maimakon a duba ciwon sai a ce masa tashi, namiji ba ya kuka. Ya kai shekara bakwai, ya ga uwarsa tana fama da kaskon kisra da goyo a baya, ya matso zai tura mata itace, sai wani ya daka masa tsawa daga zaure: me kake yi a murhu, ɗan daudu za ka zama? Ya girma ya yi aure, ranar da aka gan shi ya ɗebo wa matarsa ruwa tana laulayi, sunansa ya koma mijin-ta-ce. Kuma don mu yi adalci, Ranka ya daɗe, bakinmu ma yana ciki. Ni da kaina na faɗa wa 'ya'yana maza wannan maganar ta kuka, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Mu muka goya su, mu muka fara koya musu haɗiye ciwo.

Da zaman lafiya ake, da wataƙila mun ci gaba da gunaguni a cikin ɗaki kamar yadda iyayenmu suka yi. Yaƙi ne ya yaye rufin. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da wuta ta tashi a Khartum, gidajenmu suka cika da 'yan uwa. Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, wasu suka ƙaro. A ƙarshen Yunin 2024 abin ya iso Sinja, hanyoyi suka yanke, farashin dawa da man girki ya tashi sama. Mutumin da jiya yake da shago a kasuwar Omdurman, ko yake tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku, ko yake da keken ɗinki da yara uku a ƙarƙashinsa, ya dawo da jalabiya ɗaya a jiki. Ba laifinsa ba ne, kowa ya sani. Amma tun yana ƙarami an gaya masa darajar namiji tana cikin ledar cefanen da ya shigo da ita. To yau babu leda. Me ya rage masa?

Abin da muke gani ya rage masa shi ne murya da hannu. Yana zaune a inuwa tun safe, ba ya iya buɗe baki ya ce wa abokinsa ba ni da shi, shi ma abokin haka, kowa na murza carbi yana cewa alhamdu lillahi. Sai ya shigo gida da magariba, yaro ya ce yana jin yunwa, nan duk abin da ya danne tun safe zai fashe a kan wadda ba za ta rama ba. Mu masu takiyya mun san gidajen da ba a hura wuta, kuma mun san maigidan ya hana a kawo kwano, wai kada a ce iyalinsa na cin sadaka. Sai dare ya yi mu aika musu da adas, wani irin ƙaramin wake, ta bayan danga kamar masu sata. Wata daga cikinmu ta samu jari daga adashi za ta fara soya ta'amiyya, irin ƙosan nan, a ƙofar gida, mijin ya kifar da kaskon, ya ce yana raye matarsa ba za ta ciyar da shi ba. Yaransa uku ne. Ranar nan da ruwan shayi suka kwana.

Su kansu mazan wannan abu yana cin su, kuma wannan ne ya fi ci mana rai. Nawa muka yi wa zaman makoki da hawan jini ko ciwon sukari ya kayar da su rana tsaka? In ka bincika sai matar ta ce ai wata shida yana riƙe kai yana jiri, in ta ce a je asibiti sai ya ce shi ba rago ba ne da zai kwanta don ciwon kai. Lokacin da kwalara ta ɓarke a daminar 2024, masu jinya daga cikinmu sun lura mata da yara ake kawowa da ƙafarsu, maza kuwa sai an ɗauko su a amalanke jiki ya riga ya bushe, domin babban mutum yana jin kunyar a ce gudawa yake yi. Akwai kuma ciwon da ba a gani. Waɗanda suka ga abin da suka gani a hanyar gudu, waɗanda aka tsayar a shinge aka wulaƙanta a gaban 'ya'yansu, ba sa barci. Muna jin su cikin dare suna zagaya tsakar gida. Ba su da wanda za su gaya wa. Mace ko ba komai tana da maƙwabciya da za ta rungume ta su yi kuka tare, su share hawaye su koma aiki. Namiji an toshe masa wannan ƙofa, an ce masa barkono ne shi. To barkonon nan cikinsa yake ƙonawa.

Ungozomomi sun ce lallai in rubuta nasu daban, kuma in rubuta shi yadda suka faɗa. Mace tana naƙuda, jini ya ɓalle, ungozoma ta ce wannan ya fi ƙarfina a tafi asibiti. Maigida yana gona ko ya yi tafiya, waya ba ta shiga, kamar yadda ta yi ta yankewa a wannan yaƙi. Uwar miji ta ce ba ta da iko, ƙanin miji ya ce ba zai fitar da matar yayansa ba da izini ba. A zauna ana jiran namiji, jini yana zuba. Wani kuma yana nan a tsaye, amma da ya ji likitan da ke aiki namiji ne sai ya ce a mayar da ita gida. Ɗaya daga cikin ungozomomin ta ce ta wanke gawar yarinyar da ita ta karɓi haihuwarta shekara goma sha bakwai da suka wuce, kuma tsakanin gidan da motar da za ta ɗauke ta bai fi taku ashirin ba. Mun tambayi malamai, babu wanda ya ce mana shari'a ta fifita izini a kan rai.

Sai samari. Allah ya taimaki Sarki, a nan muna taka-tsantsan, domin ba mu manta da rikicin ƙabilancin da ya rutsa da 'yan uwanmu Hausawa a Rusairis da Damazin a watan Yulin 2022 ba, da na Wad al-Mahi a Oktoban 2022. Ba za mu ce wa mutum kada ya tsare gidansa ba. Abin da muke kuka da shi daban ne: yaro ɗan shekara goma sha shida ya ɗauki bindiga ba don an zo ƙofar gidansu ba, sai don sa'o'insa sun ce masa mace. Ya ɗauki hoto da ita ya sa a Facebook, 'yan mata su yi masa tafi. A yammacin ƙasar nan an san hakkamat, matan da waƙarsu ke zuga mazaje ta kuma kunyata wanda ya ja da baya. Mu ma muna da namu zabiyoyi da masu guɗa, kuma mun san abin da kirari yake yi wa zuciyar yaro. Wanda bai tafi da bindiga ba ya tafi ramin zinariya, yana wanke ƙasa da zaiba da hannunsa tsirara. A Disambar 2021 rami ya rufta da mutum 38 a Yammacin Kurdufan, amma ko wannan bai hana na baya shiga ba. Wani ya bi sahara ya nufi Libiya, shekara biyu uwarsa tana riƙe da waya. In ka tambaye su, amsar ɗaya ce: gara in mutu a can da in zauna a ce ban cika namiji ba. Masu zuwa yankan riɗi a Gadarif kuma wasu da tiramol suke dawowa, wai ita ke sa mutum ya yi aikin mutum biyu bai gaji ba. Yanzu har muguwar ƙwayar da ake kira ayis ta shigo.

Me ke korar su haka? Babban abin shi ne aure. Shela, wato kayan lefe, ta zama dutse: tufafi kala-kala, turaruka, takalma, buhunan sukari da gari, zinariya, yanzu har da waya. Saurayi ba zai iya ba, kuma ba zai iya cewa ba zan iya ba. Yarinya kuma ba za a jira shi ba, sai a cire ta daga aji a ba wanda ya haifi ubanta, tunda shi yana da abin ajiyewa. Dokar iyali ta 1991 ta bar ƙofar aurar da 'yar shekara goma a buɗe in alƙali ya yarda, sai wasu iyaye suka ɗauki abin da doka ta ƙyale kamar abin da addini ya wajabta. Duk ƙasar nan ta ji shari'ar yarinyar nan da kotu a Omdurman ta yanke wa hukuncin kisa a 2018, wadda aka yi wa auren dole, dangin miji suka danne ta dominsa, washegari ta soke shi ya mutu, daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara biyar. Rai ya tafi, yarinya ta shiga kurkuku, gida biyu sun rushe. Mazan da suka danne ta a ganinsu mutuncin ɗan uwansu suke karewa.

Mun san abin da za a ce a majalisa in labarin takardar nan ya fita. Za a ce maganar ƙungiyoyin Turawa ce, an ba mu sabulu da bargo an sa mana magana a baki. Ranka ya daɗe, gidanka ne ya fi kowa sanin amsar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya yi wa malaman zamaninsa faɗa mai zafi kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta naɗa jajis, wato jagororin mata, ta ɗora musu malfa, suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, ba a ce ta fi ƙarfin mijinta Waziri Giɗaɗo ba. Bayan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, jama'ar da suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka sauka a bakin wannan kogi na Nilu ba maza kaɗai ba ne. Kakanninmu mata sun taka wannan hanya da ƙafa, da goyo a baya da ƙwarya a ka, wasu a hanya suka haihu suka tashi suka ci gaba. Ba su bar Sakkwato don jikokinsu su mutu a bayan ƙofa ana jiran izini ba.

Kuma in ana maganar namiji, wa ya kai Annabi? Ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. An tambayi Nana A'isha me yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ranar da ɗansa Ibrahim yake gargara idanunsa sun zubar da hawaye a gaban sahabbai, da aka yi mamaki ya ce wannan rahama ce. Limamanmu sun san waɗannan hadisai fiye da mu. Abin da muke tambaya shi ne, me ya sa ayar da ta ce maza masu tsayuwa ne a kan mata kowane yaro ya haddace ta, amma wadda ta ce ku zauna da su da alheri, a cikin sura ɗaya suke, sai an nema?

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mun ga saurayin da ya goyo kakarsa a baya ya fito da ita daga Sinja. Mun ga samarin da suka tsaya da mu a takiyya, suna faskare, suna tuƙa tukunyar da mace biyu ba za su iya juyawa ba, suna wanke kwanuka, ana wucewa ana yi musu dariya suna yin kamar ba su ji ba. Babu maroƙin da ya taɓa yi wa ɗayansu kirari. Ni dai in za a tambaye ni mazajen garin nan, da su zan fara.

Saboda haka ga roƙonmu, kuma ba kuɗi muke nema ba, mun san halin da baitulmali yake ciki a ko'ina.

Na gaba da komai shi ne na masu naƙuda. Muna roƙon Sarki ya sa a yi shela a kowace unguwa da kowane masallaci cewa ya ba da izini na dindindin: duk macen da ungozoma ta ce a kai asibiti, duk wanda ke kusa ya kai ta, ko miji yana nan ko ba ya nan, kuma wanda ya kai ta yana ƙarƙashin inuwar Sarki, babu mai tuhumarsa. Ƙanin miji da ke tsoron yayansa zai samu abin faɗa: umarnin Sarki ne. Ko wannan kaɗai aka yi mana, takardar ta biya.

Sai zaman judiyya, wato zaman sulhu na gargajiya. Ba mu raina ajawid, dattawan sulhu, ba, sun kashe gobara da yawa a ƙasar nan. Amma in rikicin na miji da mata ne, maza ne ke zama, waliyyi ya yi magana a madadinta, a ƙare da ki yi haƙuri, a sha shayi a yi fatiha, ita kuma ta koma da kumburin idonta. Muna roƙon a sa dattijai mata biyu a kowane irin wannan zama, a ji matar da bakinta, kuma in an ga rauni a jiki kada a rufe maganar da kalmar haƙuri kawai, a rubuta, a ja wa mijin kunne a gaban shaidu, in ya sake a bar ta ta nemi haƙƙinta gaban alƙali ba tare da an ce ta tona asirin dangi ba.

A kan aure, muna so Sarki ya tara masu unguwanni da iyaye a yanka wa kayan shela iyaka da talaka zai iya, a kuma ƙarfafa auren gayya da aka sani a wurare da dama na Sudan, inda ake ɗaura wa da yawa a rana ɗaya. Kada liman ya ɗaura auren yarinya sai wata dattijuwa da ba ta gidan ba ta keɓe da ita ta ji yardarta. A hana harba bindiga sama a wurin biki. Harsashin da ya tashi dole ya sauka, kuma ba ya tambayar kan wa.

Na ƙarshe mun yi ta jayayya kafin mu yarda a rubuta shi, wasu sun ce rashin kunya ne. In haka ne, tuba muke. Mazan garin nan ba za su ji daga gare mu ba, amma idonsu yana kan Sarki. Muna roƙon wata rana, bayan sallar Juma'a, Sarki ya zauna a ƙofar fada ya miƙa hannu ma'aikacin lafiya ya auna masa jini a gaban jama'a, sannan ya ce wa dattawa su biyo layi. Wata rana kuma ya tako takiyyarmu, ya karɓi kwano ya ci daga tukunyar da kowa ke ci, ya sa wa samarin da ke tuƙa ta albarka da sunansu. Bayan wannan babu maigidan da zai ce abin kunya ne a kai kwano. Limamai kuma su ba wannan magana huɗuba guda, su buɗe wa magidanta zama bayan isha'i inda mutum zai iya cewa na gaji ba tare da an kai labarinsa kasuwa ba.

Muna roƙon a sa mana rana da za mu zo mu yi bayani da bakinmu. Bayan la'asar ya fi mana, don kafin nan muna wurin tukunya. Ungozomomi biyu da uwar yaron da ya tafi Libiya sun ce za su yi magana in an ba su dama, ko ta bayan labule ne. Sa hannunmu yana cikin takardar da ke haɗe da wannan, waɗanda ba su iya rubutu ba sun dangwala yatsa. Sunayen dattawan nan biyu ba sa ciki, sun ce in Sarki ya neme su a keɓe za su zo.

Allah ya ƙara wa Sarki nasara, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga talakawanka, matan gari da waɗanda suka tsaya tare da su.